Hunturu ya ƙarato, hannu babu nauyi: ta ina za a fara shirya gida?

Wata baiwar Allah daga bayan garin Kano ta aiko da wannan tambaya: "Muna zaune a ɗaki ciki da falo na haya, rufin kwano ne babu silin. Ina da goyon wata biyu, da yaro ɗan shekara shida mai sikila, ga mahaifiyar maigidana tana tare da mu, ta manyanta. Bara kuɗin gawayi da na magani ne suka cinye mu a lokacin sanyi. Bana abin da ke hannu bai taka kara ya karya ba. Me ya kamata mu fara saya, me kuma za mu iya haƙura da shi?"

'Yar uwa, Allah ya raya jariri, ya ƙara wa yaronki da Inna lafiya, ya buɗa wa maigida. Ni aikina jinya ne a ƙaramin asibiti, kuma duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu irin gidanki ne muke gani a layin ganin likita, saboda haka da abin da nake gani zan ba ki amsa.

A ɗaki mai rufin kwano babu silin, kuɗin da kika kashe don ɗumama iskar ɗakin asara ne. Zafi sama yake tashi, kwano kuma ba ya riƙe shi, cikin ɗan lokaci ya miƙa shi waje. Ɗumin da za ki iya riƙewa shi ne wanda jikinku yake samarwa da kansa, kuma hana shi gudu ya fi sayen gawayi araha nesa ba kusa ba. A kan wannan zan gina duk abin da zan faɗa miki.

Ki kuma san da abin da kike fama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, ta ratso Sahara, yawancin ƙurar da take ɗauko mana kuwa daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi. Tana farawa wajen ƙarshen Nuwamba, ta fi tsanani a Disamba da Janairu. A Kano da rana zafi yakan kai kusan digiri 30, amma da dare ya sauko wajen 13, wani lokaci ƙasa da haka, mutanen Jos kuma nasu ya fi wannan. Saboda iskar busasshiya ce, ɗumin da ƙasa da bango suka tara da rana yana ficewa da sauri bayan faɗuwar rana, shi ya sa sanyin ya fi cizo gab da asuba. Ke nan sa'o'in da kike yaƙi da su daga tsakar dare ne zuwa hantsi. Sauran matsalolin biyu, ƙura da bushewa, su ne ke tare da ku dare da rana.

Fara da ƙasa, don ita ce mutane suka fi mantawa. Daɓen siminti yana zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kansa, ko da ya lulluɓa da bargo biyu. Sau da yawa uwa za ta ce ta rufa wa yaro amma ya tashi da sanyi a ƙirji, in ka bincika sai ka tarar tabarma ɗaya ce tsakaninsa da siminti. Ki nemi manyan kwalaye a wurin masu shago, ki buɗe su ki shimfiɗa ninki biyu ko uku, ki ɗora buhu, sannan tabarma ko katifa. Wannan kusan kyauta ne, kuma bambancinsa za ku ji shi a daren farko. Ki ɗan janye shimfiɗa daga jikin bangon da ke fuskantar arewa ko gabas.

Daga nan sai kafofin iska. Da rana ki rufe ƙofa da taga ki tsaya a cikin ɗakin, duk inda kika ga haske na shigowa ta nan iska da ƙura suke shigowa. Babbar kafa yawanci tsakanin saman bango ne da kwano. Maigida ya hau ya cusa tsofaffin buhuna ko tsumma, in da hali ya liƙe da laka. Tagar da iska ta fi bugowa a kafa mata leda mai kauri, a rataya tsohon bargo a matsayin labule. Ƙasan ƙofa a naɗe tsumma a tare. In kuna iya ɗinke buhunan shinkafa ko na sukari ku ɗaure su a ƙarƙashin kwano kamar silin, ko da a ɗakin kwana kaɗai, ya fi duk wani abu da za ki saya amfani, kuma zai sake yi muku rana in bazara ta zo. A kula kawai kada ya taɓa wayar wuta ko ƙwan fitila. Amma kada a toshe ɗaki gaba ɗaya. A bar ƙaramar kafa a sama ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, dalili na nan tafe. Da tsakar rana in iska ta lafa a buɗe ɗakin ya sha iska, a shanya barguna, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa.

Kuɗinki na farko ya tafi ga sutura, kuma gwanjo ya isa. A Ƙofar Wambai za ki samu rigunan sanyi da safa da huluna na yara. Ki je tun kafin hazo ya sauka, don ranar da gari ya wayi da buji farashin rigar sanyi ya tashi ke nan. Kada ki zuba kuɗin a kan ƙatuwar jaket guda. Riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi ta riƙe ɗumi saboda iskar da ke maƙalewa a tsakaninsu, kuma in rana ta ɗaga sai a cire ɗaya. Yaran sun riga suna da rigunan ciki, abin da za ki ƙara shi ne suwaita ɗaya mai kyau ga kowa, da hula mai rufe kunne, da safa ƙafa bibbiyu don in an wanke ɗaya a sa ɗaya. In kuɗin bai isa kowa ba, a fara da jariri, sai mai sikila, sai Inna, ke da maigida ku yi dabara da zannuwa da tsofaffin kaya. Duk abin da kika sayo ki wanke ki shanya a rana sosai. Haka ma barguna da kayan da aka adana da ƙwayar kafur tun bara. Wannan farar ƙwayar tana iya fasa jinin wasu jarirai ta jawo musu shawara, don haka kayan da ke ƙamshinta kada su taɓa jikin goyonki sai an wanke ƙamshin ya fita.

Jariri ɗan wata biyu yana rasa ɗumi da sauri, kuma kansa babba ne in an gwada da jikinsa, shi ya sa hula ta zama dole. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ke jikinki, ki ƙara masa guda ɗaya. Don ki san ko ya yi ɗumi ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, kada ki auna da tafin hannu ko ƙafa don su kullum sun fi sanyi. In ƙeyar tana gumi kin yi yawa, ki rage. Kada bargo ya rufe masa fuska. In kika ji jikinsa ya yi sanyi, ki cire masa riga ki bar hula da nafkin, ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki lulluɓe ku biyu, ki ba shi nono. Wannan ne muke yi wa bakwaini a asibiti kuma yana aiki. Wankan sassafe ki daina masa a wannan lokaci, ki mayar da shi tsakar rana, a cikin ɗaki, da ruwan ɗumi, a gaggauce, tawul da kaya suna ajiye kusa. Ranar da sanyi ya yi tsanani goge jiki ya wadatar. Kada ki shafa masa man zafi irin su Robb a hanci ko ƙirji, kada kuma a ba shi zuma sai ya shekara. Sannan ki duba katinsa na rigakafi. Alluran sati 6 da 10 da 14 a cikinsu akwai ta kariya daga nimoniya, kuma a asibitin gwamnati kyauta ake yi.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato kaskon wuta a ɗaki. Na san da shi muka taso, na kuma san Inna za ta nema. Garwashin gawayi, ko ya daina hayaƙi ya yi jajir, yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. In ta shiga jini tana kama gurbin iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka nata fiye da sau 200, sai mutum ya riƙa rasa iska yana cikin barci bai sani ba. Ɗakin da aka toshe saboda sanyi shi ne ya fi haɗari, kuma jariri da mai sikila da tsohuwa su ne za su fara faɗuwa. Labaran da ake ji na iyali guda an wayi gari babu wanda ya tashi, har a riƙa zargin guba a abinci ko aljanu, da yawansu wannan ne, ko hayaƙin janareta da aka kunna a soro ko bakin taga. Alamarta ita ce mutanen ɗaki su tashi lokaci guda da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, in sun fita waje su ji sauƙi. In haka ta faru a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a tafi asibiti ko da sun ce sun warware.

Ban ce kada a ji ɗumi ba. A hura wutar a tsakar gida, a zauna a ji ɗumi ido biyu, yara na nesa da ita. Lokacin kwanciya a kashe ta da ruwa a waje. Ba a shiga da kasko ɗaki a rufe ƙofa, ba a kuma kunna risho ko gas don ɗumama ɗaki. Abin da zai maye gurbinsa shi ne ki zuba ruwan zafi, wanda bai kai tafasa ba, a gora mai kauri mai murfi mai kyau, ki naɗe ta da zani, ki sa a cikin shimfiɗa kafin a kwanta. Ta Inna da ta yaron za su iya kwana da ita a wajen ƙafa in dai a naɗe take, ta jariri kuwa a cire kafin a kwantar da shi. Bulo ko dutsen da aka ajiye a gefen murhu lokacin girkin dare, a naɗe shi da tsumma mai kauri, shi ma yana yin wannan aikin.

Gobara ita ce ɗaya fuskar. A wannan lokaci komai ya bushe, ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa. Ke 'yar Kano ce, kin san abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016. A gidaje abin da ya fi jawo ta shi ne kyandir da aka bari, da maganin sauro na kunnawa kusa da labule, da hitar dafa ruwa da aka manta a soket aka ɗauke wuta, aka dawo da ita ba kowa a kusa. Ƙaramar fitila mai caji da hasken rana ta fi kyandir araha in kika lissafa na wata uku. Ki ajiye bokitin yashi kusa da murhu. Ruwan zafi kuma kada a bar shi a ƙasa inda yara ke wasa, don ƙunar da muka fi gani a hunturu ta ruwan wanka ce. A fara zuba na sanyi a bokiti sannan a sirka da na zafi. In tsautsayi ya faru, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kawo shi. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja duk ƙara ɓata ciwon suke yi.

Kin ce gawayi ya cinye ku bara, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya taɓa komai, har da shi. Yawancin gawayin hunturu a dafa ruwa yake ƙarewa. Jarka mai duhun launi in kika cika ta kika ajiye a rana daga hantsi, a wurin da iska ba ta bugu, zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumin da za a yi wa yara wanka, sai ki mayar da wankansu yamma. Bayan girkin dare kada garwashin ya mutu a banza, ki ɗora ruwa ki cika filas, shi ne na alwalar asuba da wanke fuskar 'yan makaranta. In babu filas babba, ki sa tukunyar a cikin kula ko kwando ki cusa tsumma ta ko'ina. Haka ake yi da wake ma: ki jiƙa shi tun dare, ya tafasa sosai kamar minti 15, ki sauke da murfinsa ki naɗe tukunyar da bargo a cikin kwando, bayan 'yan sa'o'i ya nuna ko ya kusa. Ki kare murhu daga iska da bulo ko guntun kwano, don iskar hunturu tana kwashe zafi kafin ya kai gindin tukunya. Gawayin kuma in kun haɗa kuɗi da maƙwabciya kun sayi buhu kun raba, ya fi ƙullin leda na kullum sauƙi.

Yaronki mai sikila shi ne zan so ki ware wa kuɗi tun kafin ki shiga kasuwa. Abu biyu ne suka fi tayar da ciwon a wannan lokaci, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙarancin ruwa yana sa jinin ya yi kauri, sai ƙwayoyin su maƙale, ciwon ƙashi ya taso. Matsalar ita ce a hunturu yaro ba ya jin ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana zuƙe masa ruwa, saboda haka kada ki jira ya nema. Ki ba shi da safe, ki cika masa gora ya tafi da ita makaranta ya dawo da ita babu komai, ki ƙara da kunu da romo. Ruwan sanyi kada ya taɓa jikinsa da safe. Ki yi wa malaminsa magana a bar shi da rigar sanyi da hula a kan yunifom, kada kuma a tsayar da shi a fili cikin iska. Magungunansa na kullum da likita ya ɗora shi a kai, irin su folik asid da na kariyar maleriya, ki sayi na wata guda ko biyu a ajiye, tare da farasitamol. In ciwo ya fara, ruwa da yawa, gashi da tawul mai ɗumi, da maganin rage zafi. Amma in zazzaɓi ya kai digiri 38, ko yana ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura, ko wani sashe na jikinsa ya saki, wannan na asibiti ne a daren, ba a jira safiya. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano duk suna duba masu sikila. Kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa ki ƙulle shi daban, ki ɗauka babu shi a gidan.

Inna kuma, a sirka mata ruwan alwala, musamman na asuba. In tana da hawan jini kada ta daina shan magani, don sanyi yana ƙara ɗaga shi. A ajiye mata fo a ɗaki ta huta da fita bayi cikin dare. In tana jin ɗumi a kula da bakin zaninta, a kuma hana ta manna ƙafa da wuta, musamman in tana da ciwon suga, don mai suga yakan ƙone bai ji ba.

Bushewar fata ba ta buƙatar mai mai tsada. Man kaɗanya ko basilin ya isa gidan duka, sirrin shi ne a shafa da an fito wanka jiki bai gama bushewa ba. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ya cika ta da mai, ya sa safa. A ɗan shafa wa manyan yara a leɓe da bakin hanci. In haɓo ya ɓalle, yaro ya zauna ya sunkuyo gaba, a matse tattausan wurin hancin minti 10 ba saki. Ɗaga kai sama jinin yake mayarwa maƙogwaro.

Ta fuskar abinci lokacin yana taimakonki. An fito daga kaka, gero da dawa da wake da gyaɗa sun fi sauƙi, lemo da karas da tumatir suna shigowa. Koko ko kunun gyaɗa mai zafi kafin yara su fita ya fi musu shayi da burodi riƙe ciki da araha.

Sai kuɗin magani, wanda kika ce shi ma ya cinye ku. Yawancin murar hunturu tana warkewa da kanta cikin mako guda ko kwana goma, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba ya yi mata komai. Ruwa mai ɗumi, hutu, zuma da lemon tsami ga wanda ya wuce shekara ɗaya, da ɗigon ruwan gishiri na hanci ga jariri in ya toshe, sun wadatar. Abin da nake so ki iya shi ne ƙirga numfashi. Yaro yana kwance shiru, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In kika ga haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, to ya wuce mura, a kawo shi.

Daga Janairu zuwa shigowar damina kuma lokacin sanƙarau ne, don ƙura da bushewa suna raunata cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma yana saurin yaɗa shi. Wannan ne dalili na biyu da na ce a bar kafar iska. In an zo unguwarku da rigakafinsa ku fito da duk wanda ya cancanta. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko a jariri maɗiga ta kumbura yana kuka ba ƙaƙƙautawa, wannan sa'o'i ake ƙirgawa. Tun yanzu maigida ya karɓi lambar wani mai adaidaita a unguwa wanda zai yarda ya fito cikin dare in an kira shi, ku ajiye ta a wayarki da tasa.